Nasiha ga Ɗana Mai Zane, Kafin Ya Fita Tallar Littafinsa

Ɗana, littafinka ya iso hannuna. Na karanta shi daga bango zuwa bango, na miƙa wa yaran gidan nan, suka yi ta ƙwace a tsakaninsu har maƙwabta suka ara. Allah ya sa albarka. Mahaifiyarka ta gaya mini kana shirin kama ɗakin taro a Kano, ka buga katin gayyata, ka nemi wani babban mutum ya ƙaddamar maka. Ban ce kada ka yi ba. Amma kafin ka zuba ɗan abin da ya rage maka a kujeru da lasifika da lemo, zauna ka ji ta bakin wanda ya ga lokacin da littafin Hausa ya yi tashe a ƙasar nan, ya kuma ga hanyar da ya bi har ya kai can.

Da farko ka san irin hajar da ke hannunka. Littafin zube, wanda rubutu ne zalla, ana karanta shi a rediyo, matar da ke tsakar gida ta ji, ta aiki yaro ya sayo mata. Naka ba ya shiga ta kunne. Ko wane gwanin karatu ka ba wa, ba zai iya karanto wa mai sauraro yadda ka zana fuskar tsohuwar nan da ta gane jikanta ba, ko shafin nan da ka bari babu magana ko ɗaya, sai ruwan Challawa da kwalekwalen masunta. Labarin zane sai ido, gani kuwa ya kori ji. Don haka wanda ya zana shi ne zai ɗauke shi ya kai gaban mutane, gari-gari, ya buɗe musu shafin da hannunsa. Masu irin sana'arka a duk faɗin duniya, musamman waɗanda ke bugawa da kuɗin aljihunsu, haka suke yi: wani lokaci suna kan tebur, wani lokaci suna kan hanya.

Ba kai ne farkon wanda ya buga littafi ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba. A shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, hukumar NORLA a Zariya ita ke bugawa, ita ke rarrabawa, har aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966 ya fi mayar da hankali ga littattafan makaranta. Da shekarun 1980 suka zo, tattalin arziki ya tsuke, samari da 'yan mata masu labari a ka suka rasa mai buga musu. Sai suka tara 'yan kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'un Kano. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, kowa na jera sunayen littattafan 'yan'uwansa a cikin nasa, suna ɗaukar kaya da kansu zuwa wurin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari da Bata. Daga nan 'yan sari suka watsa su ƙauyuka, masu ba da haya suka shigar da su lunguna, mata suka riƙa ara wa juna a gidajen biki. Ta wannan hanya littafin In Da So Da Ƙauna ya shiga kusan kowane gari da ake jin Hausa. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, daga wannan kasuwa ya tashi, har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Masu karatu ne suka ɗauki waɗannan littattafai da ƙafarsu, su suka yi musu suna.

Yanzu dubi ƙaddamarwa irin wadda muka saba. A zaunar da uban taro, a kira mai sharhin littafi, babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya ce ya sayi kwafi kaza a kan kuɗi kaza, ɗaki ya ɗauki tafi. Washegari marubuci ya fara sintiri a ƙofar ofis. Akwai masu cika alkawari, Allah ya saka musu da alheri, akwai kuma waɗanda alkawarinsu a bakin lasifika yake ƙarewa. Ko an biya ma, sau da yawa littattafan a kwali suke kwana a ɗakin ajiya, gara ta rigaya mai karatu. Kai kuma naka ya fi tsanani, domin masu karatunka na gaskiya, 'yan makaranta da samarin majalisa da 'yan matan Islamiyya, ba ma sa cikin ɗakin. In ka ga dole sai ka yi taro, yi ɗan ƙarami don girmama iyaye da malamai, ka sa wa littafi farashinsa ɗaya, wanda ya ƙara maka ka gode. Amma kada ka ci bashin bugu a kan alkawarin da bai shigo hannu ba.

Ka ɗauki darasi daga ɗan koli. Ya san ranar kowace kasuwa, ya san inuwar da zai shimfiɗa kayansa, ya san mai saye ya san mai taya kawai, kuma abin da ya sa ake amince masa shi ne mako mai zuwa za a sake ganinsa a wurin. Haka nake so ka tsara tafiyarka, kuma ka fara daga ƙofar gida.

Fara da makarantun sakandaren garinmu Karaye. Je ka ga shugaban makaranta da kanka, da kwafi guda kyauta don ɗakin karatu, ka nemi malamin Hausa ya zama ɗan jagoranka, domin shi ya san ranar da ƙungiyar Hausa ke zama. Kai gaisuwa fada da littafi a hannu. Tun 2024 masarautarmu ta ƙunshi Karaye da Rogo, kuma wanda ya sanar da hakimi da dagaci zuwansa ba ya rasa wurin shimfiɗa. Daga nan ka bi ƙauyuka, su Kurugu da Yammedi da Tudun Kaya, ka gangara Rogo, ka leƙa Zarewa da Fulatan da Zoza. A kowane gari nemi mutum guda mai amana, ko mai shagon littattafai da biro, ko mai cajin waya a bakin tasha, ka bar masa 'yan kwafi a sayar a kawo kuɗi. Kada ka raina teburin mai shayi: shafi biyu da aka liƙa a jikin rumfarsa za su sami masu kallo daga asuba har dare.

Akwai wata dama a garinmu da masu zanen birni ba su da ita. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano a Kusalla yake, nan ƙasar Karaye. Duk zango, matasa masu digiri daga kowane sashe na Nijeriya suna zuwa su yi mako uku, daga nan a rarraba su, da yawansu zuwa koyarwa a makarantun jihar. Mafi yawansu ba sa jin Hausa, amma zane ba ya neman tafinta, kuma wasunsu na neman abin da zai koya musu 'yan kalmomi kafin su shiga aji. Nemi izinin hukumar sansanin ta hanyar da ta dace. In an ba ka wuri, ka tafi da 'yar takarda mai fassarar maganganun shafukan farko. Wanda ya saya a nan yana iya kai littafin Gaya ko Doguwa, ko ya tafi da shi Inugu bayan shekara.

Ka lura da lokaci. Da damina kuɗin manomi na cikin taki, hanyoyin ƙauye sun jiƙe, takarda kuma ba ta shiri da laima. Bari sai kaka, an kai amfani gida, an fara karyar rake a yankin Rogo, aljihu ya ɗan yi nauyi. Makaranta kuma kada ka je mata a makon jarrabawa, ko ƙarshen zango lokacin da guzurin yara ya ƙare. Farkon zango ya fi. Da azumi ka zauna ka yi zane. Ranakun Sallah, da gari ya cika da 'yan ganin hawa da waɗanda suka dawo daga birni da kuɗi a hannu, sai ka fito.

Maganar baje koli kuwa, ba sai ka sami zaure mai fitilu ba. Aji guda da aka share, igiya da 'yan maƙalai, sun isa. Abin da za ka rataya shi ne abin lura. Kada ka nuna gamammen shafi kawai. Ɗauki shafi ɗaya ka jera matakansa: zanen fensir mai gurɓi-gurɓi, sannan wanda ka bi da tawada, sannan wanda aka buga. Yaron da ya ga haka zai gane hannun mutum ne ya yi, mutumin kuma ga shi tsaye, ɗan garinsu. Rataya su daidai idon yara, ba daidai naka ba. Jera shafuka biyar ko shida na farkon labari bi da bi, ka tsaya a daidai inda rai ke son jin abin da ya biyo baya. Sauran yana cikin littafi, littafi yana kan tebur. Zanenka na asali ka sa shi cikin leda mai kauri saboda ƙurar hunturu da yatsun masu sha'awa, ko ka rataya kwafinsa ka bar na asalin a gida. In wani ya taya na asalin, kada ɗoki ya sa ka sallama da araha, domin guda ɗaya ne a duniya, kuma za ka buƙace shi ranar sake bugu. A ƙarƙashin kowane zane rubuta ɗan bayani da boko da ajami. Dattijon da ya ga ajami zai matso, in ya matso kuwa jikokinsa sun sami izini.

Abin da ya fi kowane fosta jan jama'a shi ne su gan ka kana zane. Ɗauki alli ka hau allo. Tambayi yara me za a zana, ɗan acaɓa ko akuyar da ta shiga gonar maƙwabci, ka zana a gabansu, ka bar akwatin ƙarshe babu komai, ka ce wani ya fito ya ƙarasa. Za ka tarar a kowace makaranta akwai yaro ko yarinya mai cika bayan littafin lissafi da zane, ana yi masa faɗa a kai. Dubi aikinsa da kyau, ka faɗa masa abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. Mu mutane ne masu zayyanar allo da aikin hula da adon bangon soro. Hannun yana nan, hanya ce ba a nuna masa ba.

In ka zauna sa hannu a littafi, kada ka yi sauri kamar mai raba tikiti. Ɗaga kai ka dubi mutum, ku gaisa, ka tambayi sunansa da yadda yake rubuta shi. Rubuta sunan, da garin, da kwanan wata, ka ƙara ɗan ƙaramin zane a gefe, ko fuskar jarumin ce. Littafin da ke ɗauke da sunan mai shi ba a yin ƙunshin ƙosai da shi. Gwada alƙalaminka tun a gida, kada tawada ta huda takarda ta ɓata shafin baya. Wanda ya tsaya ya karanta bai saya ba, kada ka haɗe masa rai. Ajiye kwafi guda na dubawa, ka bar shi ya ƙoshi, shi ne zai je ya ba da labari. Kuma ka tuna mata su ne ƙashin bayan karatun Hausa tun zamanin littattafan soyayya, amma da yawansu ba za su zo teburinka ba. Tafi da ƙanwarka, ko ka ba wata malama amana ta shigar maka makarantar 'yan mata da gidajen aure. Kada ka ɗauki hoton kowa, balle 'yar mutane, ka watsa a Facebook ba da yardarsu ba.

Za ka haɗu da wanda zai ce maka zanen abu mai rai bai halatta ba. Kada ka ɗaga murya, kada ka yi masa kallon wanda bai waye ba. Magana ce mai asali a hadisai, malaman fiƙihu kuma sun yi bayani a kanta, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Je wurin malamin da ka amince da iliminsa tun kafin ka fita, ka nuna masa littafin, ka ji ta bakinsa, domin ranka ya natsu kuma amsarka ta zama ta ladabi. Ka kiyaye iyakokin da kowa ya sani: ba a zana Annabawa da Sahabbai, kuma kada ka sa aya a shafin da zai iya faɗuwa ƙasa. Haka nan kada ka zana wani ɗan gari yadda za a gane shi a yi masa dariya. Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yana zana manyan ƙasa saboda aikinsa ke nan, kuma jarida na bayansa. Kai kuwa gobe a masallaci ɗaya za ku yi sahu da wanda ka zana. In ɗan siyasa ya ce zai ɗauki nauyin tafiyarka a sa hotonsa a bango, yi masa godiya ka ce ya sayi kwafi ya raba wa makarantu. Littafin da ya sa hular jam'iyya rabin gari ya rufe masa ƙofa.

Takardunka su cika kafin ka shiga Kano. Nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka ajiye musu kwafi uku kamar yadda doka ta tanada. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan littattafai, kuma marubutan da suka ga shekarun 2007 da 2008 za su ba ka labarin takun-saƙar da aka yi da ita. Je ka tambayi ƙa'idar da ake bi a yanzu, ka cika ta, don kada a tsayar da kai a tsakiyar kasuwa.

Riƙe littafin lissafi kamar ɗan kasuwar ƙwarai. Kuɗin takarda da bugu da ɗinki, da kuɗin mota da abinci da na wanda ya raka ka, duk su shiga cikin farashi, sannan ka ware ladan mai sayar maka. Duk wanda ka bar wa kaya, ku rubuta adadi, ku sa hannu, ko ɗan'uwanka ne. Tafi da canji, ka kuma rubuta lambar asusunka a kwali saboda masu turawa ta waya. Kuɗin da ya shigo ba riba ba ne sai ka cire na bugu na gaba. In bugu mai launi ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta, yi na baƙi da fari, bango kawai ya sha launi. Babu abin kunya a nan. Jeff Smith na Amurka da baƙi da fari ya fara buga labarinsa Bone a 1991, da kamfanin kansa, kuma sai daga baya aka yi masa launi. A 1997 shi da Charles Vess da Linda Medley suka haɗa tafiya guda, suna bin tarukan masu zane tare, rumfa ɗaya, masoyan kowa na ganin aikin sauran. Kai ma nemi abokan tafiya, mai waƙa ko marubuciyar gajerun labarai ko wani mai zanen, ku raba kuɗin mota, ku tara wa juna jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Karɓi lambar wayar duk wanda ya yarda, ka haɗa su a zaure guda na WhatsApp. Ka sani cewa wani zai ɗauki hoton shafukanka ya watsa. Rigaye shi, ka saki shafukan farko da kanka, da sunanka da lambarka a ƙasan kowanne. Abin da waya ba za ta iya kwafa ba shi ne zuwanka da sa hannunka.

Bayan ka ga yadda littafin ya yi a gida, ka ji inda yara suka yi dariya da inda suka ruɗe, sai ka faɗaɗa. Hanyar Gwarzo da za ta kai ka birni ta gaban sabuwar harabar Jami'ar Bayero take wucewa. Tsaya ka ga malaman Hausa da ɗalibansu. Halarci zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano. Daga Rogo ta Maƙarfi ka faɗa Zariya, inda sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yake, garin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane a 1958. A can za ka sami masu gaya maka gaskiyar hannunka. Akwai bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, da aka fara a 2017, da na littattafan Hausa, HIBAF, da Sada Malumfashi da abokansa suka fara a 2021. A Legas akwai taron masu labarin zane da Ayodele Elegba ya assasa a 2012. Ka je musu da littafin da aka riga aka karanta a Karaye da Rogo, da hotunan ajin da ya cika, domin masu shirya taro sun fi sauraron wanda ya zo da jama'arsa. Kada girman waɗannan taruka ya tsorata ka. Kasuwar labarin zane ta Comiket a Tokyo, wadda yau dubban ɗaruruwa ke halarta, a 1975 da ƙungiyoyi 32 ta fara, da baƙi kimanin 700. Kada kuma ka sauya labarinka don ya yi kama da na wasu. Marguerite Abouet 'yar Kwaddibuwa labarin unguwarsu Yopougon ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, littafin Aya ya ci kyautar littafin farko a bikin Angulem na Faransa a 2006. Abin da baƙo ba shi da shi, shi yake tsayawa kallo, kai kuma kana da masunta da 'yan rake da ranar kasuwa.

Abu na ƙarshe, ɗana, kada daɗin tafi da hira da 'yan jarida ya raba ka da teburinka. A kowane gari za a tambaye ka yaushe na biyu zai fito. Kada ka faɗi lokacin da ba za ka iya cikawa ba, alkawari kaya ne, kuma yaro ba ya manta wanda aka yi masa. Masu karatun Hausa sun sha jiran littafi na biyu da na uku da ba su fito ba, sun koyi yin taka-tsantsan da sabon marubuci. Ware watannin tafiya, ware na zane, in lokacin zama ya yi ka zauna ko ana kiranka. Ranar da ka koma Zarewa ko Kurugu da kashi na biyu a lokacin da ka ce, ka tarar mai shago ya sayar da na farko yana neman ƙari, ran nan ka san sana'a ta kafu, kuma ran nan in ka kama ɗakin taro a Kano ba za ka rasa masu cika shi ba.

Allah ya tsare hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa hannunka ya amfani jama'a. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.